Yarinyar da Uwarta Ta Ƙi Cewa Tata Ce

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu. Garin yana tsakanin Minjibir da Gezawa, inda gonaki suka haɗe da juna har ba ka gane inda namu suka ƙare sai ka ga kukar kan iyaka. Firamare na gama na koma gona, amma rubutuna yana karantuwa, kuma ba ni da mantuwa, shi ya sa aka ba ni sakatare.

Aikin ƙungiyar na shekara a jere yake, kuma ban taɓa yarda wani ya tsallake wani ba. Idan an yi girbi, kowane gida ya kawo damin gero ko na dawa gwargwadon hali, a zuba a rumbun da ke bayan makaranta. Da bazara a fitar da rabi a sayo yadi da littattafai da takalma. Ɗaya rabin a bar shi saboda gidajen da abinci ke yanke wa a tsakiyar damina. Daga nan sai rubuta sunayen yara, sai awo, sai ɗinki, sai rabo. Babban aikinmu shi ne yaran da suka gama aji shida, domin mu ne muke cika musu fom, mu yi musu kaya, mu shigar da su ƙaramar sakandare ta Minjibir. Wanda ƙungiya ba ta ɗauka ba, in gidansu ba hali, karatunsa ya tsaya ke nan.

A shekara ta uku aka yi mana wasa da hankali. Wasu suka rubuta 'ya'yan 'yan'uwansu da ke birni, har na ga rigar da telanmu ya ɗinka a rataye a kasuwa. Sai na kawo ƙa'ida, aka amince da ita: ba a rubuta yaro sai uba ko uwa sun zo da shi gabana, sun faɗa da bakinsu cewa nasu ne, shaidu biyu suna ji. Kawu ba ya tsaya wa yaro, maƙwabci ba ya tsaya masa, muddin ɗaya daga cikin iyayen yana raye. Tun daga lokacin ba mu sake ganin rigarmu a kasuwa ba.

A shekarar da nake ba da labari, ranar Asabar muka yi rubutu a ajin 'yan firamare ɗaya, ina zaune a kan bencin da gwiwoyina ke taɓa ƙirjina. Cikin waɗanda suka zo akwai wata mata da mijinta ya rasu damina biyu da suka wuce. Hajiya, shugabar ɓangaren mata, ita ta rako ta. Na tambaye ta yara nawa gare ta, ta ce uku. Ga su nan tsaye. Ta ce nata ne, shaidu suka ji, na rubuta. Washegari na ɗauki rula na ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe, na sa hannu, na kai wa tela lissafin masu awo.

Bayan kwana takwas, ranar Litinin, ina gona ina yankan gero, hedimasta ya tsaya da babur a bakin kunya, ko hular kwano bai cire ba.

"Malam sakatare, ina sunan yarinyar nan ta hayi?"

Na ce, "Wace yarinya?"

"Wadda ta zo ta ɗaya a aji shida. Na duba takardarku sau uku, ba ta ciki."

Da ya kwatanta mini sai na gane. 'Yar farin matar nan ce mai yara uku. Tun da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, suna zaune a ɗan ƙauyen da ke hayin fadama, daga can take tako wa makaranta kullum. Na san ubanta. Na je sunanta, na ci goron. Amma da yake ban saba ganinta a ƙofar gidan ba, ranar Asabar ko kaɗan ba ta faɗo mini a rai ba. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa wani ba.

Hedimasta ya ce ranar Alhamis da safe zai kai fom Minjibir, daga ranar kuma an rufe. Ya ƙara da abin da ya sa na ajiye lauje. Wata mata da ke kai yara aikatau gidajen birni ta je wajen tsohuwa, kakar yarinyar, sau biyu, ƙanin uban yarinyar ya yarda, ranar Juma'a za su tafi.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ni ma babban ɗana ya haura talatin, har yau "kai" nake ce masa. Maza idan suka zo rubutu da na fari sukan tsaya nesa-nesa, ni in faɗi sunan, in ce naka ne, su ce "haka ne" suna kallon rufin aji. Ina karɓar wannan. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne a tambayi mace yara nawa ta haifa, ta cire guda ɗaya ta ba ka sauran, ta kuma tafi gida da zuciya ɗaya.

Da la'asar na ɗauki Hajiya muka je gidan uwar yarinyar. Muka same ta a ƙofar zaure tana sussuka. Bayan gaisuwa na shiga magana kai tsaye.

"Baiwar Allah, ranar Asabar na tambaye ki yara nawa, kika ce uku."

"Haka na ce, Malam."

"Ta wajen tsohuwa fa?"

Ta jingine taɓarya, ta ja mayafi ta rufe baki. "Ai wannan ta tsohuwa ce."

"Na ji. Wa ya haife ta?"

Hajiya ta tafa hannu. "Haba Malam! A ina ka taɓa jin an yi wa mace wannan tambaya? Sai ka ce alƙali."

Na ce, "Hajiya, kina nan tsaye aka ce uku. Ke ma kin san huɗu ne, kika yi shiru."

"To ni zan tona ta a gaban mutane? Na zaci tsohuwa za ta kawo ta."

"Tsohuwa ba uwa ba ce. Da ke aka zauna aka yi ƙa'idar."

"Oho dai. Ku maza ne kuka rubuta abinku, mu hannu kawai aka ce mu ɗaga."

Na bar Hajiya na juya wajen matar. Na sassauta murya iyakar yadda na iya. Na ce ba sai ta faɗi suna ba. Gobe a kawo yarinyar, ga shaidu, ita ta ce "tawa ce", shi ke nan. Ta ce, "Malam, ku yi yadda kuka ga ya dace." Na ce abin da ya dace ke nan na faɗa. Na ce, "Kin san ranar Juma'a za a tafi da ita birni wanke-wanke?"

Ta kalli cikin turmi ta ce, "An faɗa."

"To?"

"Ai su ke da ita."

Daga nan ta shige gida ta bar geron a turmi, kaji suka yo kansa. Hajiya ta kore su da gefen mayafi, ta dube ni ta ce, "Ka ji daɗi, ka sa ta kuka." Ni da na bar yankan gerona na zo, ni ne na zama mai laifi.

Ranar Talata da safe na naɗe wando na ƙetare fadama, ruwa har gwiwa. Tunanina shi ne tsohuwa surukar uwar yarinyar ce, in ta ce ta faɗa za ta faɗa. Na samu tsohuwar a gindin darbejiya tana tsinke zogale. Yarinyar tana gefe da tulu, doguwa, siririya, ta durƙusa ta gaishe ni.

Na ce, "Inna, kan maganar jikarki na zo."

"Wace jika? Wannan mummunar? Ni ban san ta ba. A bakin rijiya na tsince ta, na rasa mai karɓa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Inna, ba wasa ya kawo ni ba."

"Kai dama yaushe ka taɓa wasa? Tun kana yawo ba wando fuskarka a ɗaure take. Uwarka ta yi fama, Allah ya ji ƙanta. Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

Na zauna. Na bayyana mata abin da ake ciki daki-daki: ga ƙa'ida, ga ranar Alhamis, ga abin da nake so ta sa surukarta ta yi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato so kake matar ɗana ta tsaya a gaban maza ta ce ita ta haifi wannan? Wallahi da ta faɗa, ni zan fara zaginta. 'Yar gidan mutunci ce, ba a kasuwa muka auro ta ba."

"To ke kina son a tafi da yarinyar birni?"

A nan ta daina dariya. Ta ce ba ta so. Ta ce ba ta san gidan da za a kai ta ba, ba ta san halin mutanen ba. Ta nuna mini rumbunta da haɓa ta ce in leƙa in gani. Ban leƙa ba, na san abin da zan gani. Ta ce, "In za ku ɗauke ta ku ɗauka, ku raba ni da mai cinye mini tuwo. Amma kada ka sake zuwa wa matar ɗana da wannan magana."

Uwa ta ce ta tsohuwa ce, tsohuwa ta ce a bakin rijiya ta tsince ta, kowacce kuma tana ganin ta yi abin da ya kamata. Na tambayi yarinyar ko tana son karatun. Ta ce, "Ina so, Baba." Da na miƙe zan tafi ta biyo ni 'yan taku kaɗan, ta ce a hankali, "Baba, don Allah kada a matsa wa Yaya." Haka take kiran uwarta.

Mai karatu zai ce me ya hana in buɗe littafi in rubuta ta kawai. Dalilin yana jirana a bakin gari. Akwai wani mai shago, ɗan kwamitinmu, wanda ranar Asabar ɗin nan ya kawo ɗan wansa na ƙi rubutawa, saboda uban yana nan da ransa a birni yana tuƙin babur mai ƙafa uku. Yana ganina da jiƙaƙƙen wando ya ɗaga murya yadda na kan benci za su ji.

"Malam sakatare, an ce za a buɗe littafi bayan an ja layi. In an buɗe a sanar da ni, nawa ma yana nan."

Gaskiyarsa ce. In na tsallake ƙa'ida saboda mutum ɗaya, baɗi kawunnai za su cika ajin nan, mu koma inda muka fito. Na ce masa ba wanda za a rubuta a ɓoye. Ƙa'ida a taro aka yi ta, a taro za a gyara ta.

Kwamitinmu mutum goma sha biyar ne, gyaran ƙa'ida kuwa sai da hannun tara. Na aika kowane gida cewa a haɗu a makaranta bayan la'asar. Mutum huɗu suka zo. Sauran suna gona, ga gero a kwance, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Huɗun da suka zo kuma, kafin in karanta abin da ya tara mu, biyu daga ciki suka kama gardama kan awakin da suka shiga waken ɗayan. Na buga tebur har tafin hannuna ya yi zafi. Aka kira magariba ba mu yanke komai ba.

Da na koma gida na ciro tsofaffin littattafan ƙungiya daga akwati, na bi su gida-gida. Abin da na gani ya fi komai ɓata mini rai. A gidajen da mata ne suka zo rubutu, 'ya'yan fari da dama ba su taɓa shiga ba. Shekara da shekaru ina jan layi da rula, ina sa hannu, ina jin aikina ya cika. Wasu daga cikin yaran na san inda suke yanzu, kuma ba makaranta ba ce. Ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. Hajiya ta sani, ungozoma ta sani, maƙwabta sun sani, kowa yana zaton wani ya faɗa.

Ranar Laraba na fasa zuwa gonata. Na rubuta gyaran a sabon shafi: idan yaro ɗan fari ne, ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta ba da shaida, uwa ta dangwala yatsa, ba sai ta yi magana ba. Na sa littafin a leda, na ɗauki tawadar dangwale, na shiga bin gonaki. Tun da taro ya ƙi zuwa, ni na je wajensa.

Wanda bai taɓa neman sa hannun manomi ranar girbi ba bai san wahala ba. Kowa sai an gaisa an tambayi iyali da gajiya da ruwan jiya. Kowa sai ya ce in zauna in sha fura. Wani ya ce shi ai ya zaci tuntuni haka ƙa'idar take. Wani ya ce in karanta masa, na karanta, ya ce in sake, yana ɗaurin dami bai ji ba. Liman ya yi mini bayani mai kyau cewa kunya aba ce ta gari amma ba ta kai a hana yarinya ilimi ba, sannan ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga na shugaban ƙungiya tukuna. Shugaba kuwa gonarsa tana can kusa da kukar kan iyaka. Na je, na dawo wajen liman, na tarar ya tafi sallar azahar.

Da la'asar ina da hannu takwas. Cikin sauran, wasu sun tafi ɗaurin aure Rimin Gado, ɗaya yana kwance da zazzaɓi, ɗaya ya ce shi ba ya sa hannu a abin da ba a ci goro a kansa ba. Saura mai shago.

Ya bar ni tsaye sai da ya auna wa mutum biyar sukari da gishiri. Sannan ya karɓi littafin ya karanta da yatsa, layi-layi.

"Nawa fa?"

"Naka ubansa yana da rai, yana da waya, yana da abin hawa. Ya zo ya ce nasa ne."

"Ba zai zo ba."

"To ka ga ba ni na hana ba."

Ya yi tsaki, ya juya shafin gaba da baya kamar zai samu wani abu a bayansa. Can ya ce, "Ni ma na fari ne. Da a zamaninmu ake wannan littafi naka, da ba na ciki." Ya karɓi biro ya sa hannu, ya riƙe littafin bai sakar mini ba. "Amma ka rubuta a ƙasa cewa ban ji daɗi ba."

Na rubuta: mai shago bai ji daɗi ba. Yana nan a littafin har yau.

Ranar Alhamis tun da hantsi bai ɗaga ba hedimasta ya tsaya a filin makaranta da babur, fom a jaka. Yarinyar ta zo, ƙafafunta duk taɓon fadama. Hajiya ta kawo ungozoma. Na tambaye ta abu ɗaya: ke kika karɓi haihuwar wannan yarinya daga wance? Amsar da nake jira "e" ce kawai. Ungozomar nan ta gyara zama ta fara daga ranar da naƙuda ta tashi, da wanda aka aika ya kira ta, da yadda aka rasa reza sai a gidan wanzami. Hedimasta yana danna oda a waje. Na ce, "Inna, e ko a'a?" Ta ce, "Ka bari in kai wajen mana, ɗan nan." Sai da ta kai wajen.

Uwar ce ta zo ƙarshe, fuska a rufe, ta tsaya ta juya wa 'yarta baya. Hajiya ta kama babban yatsanta ta danna a tawada. Na nuna layin da biro. Matar ta kau da fuska zuwa bango, ta miƙa hannu ta dangwala. Yatsan ya sauka a layin sama, a kan sunan ɗan maƙeri, ya rufe shi ruf.

Na ja sabon layi, na sake rubuta ɗan maƙeri, na sake rubuta yarinyar. A karo na biyu Hajiya ta riƙe mata wuyan hannu har ƙasa. Hedimasta ya fizgi takardar tawada ba ta bushe ba, ya tafi yana faɗa shi kaɗai.

Tela ya ce yadi ya ƙare, kuma da ma ya faɗa. Riga da wando ya haɗa su daga ragowa, hijabin kuwa sai da aka sayo wani yadin, shuɗinsa ya fi na sauran yara haske. Ranar Juma'a matar birni ta tafi da wasu yara biyu na wani ƙauye da littafinmu bai kai can ba. Ni kuma na koma na tarar ruwan Talata ya daki gerona a ƙasa.

Bayan mako guda takarda ta zo daga Minjibir, sunan yarinyar yana ciki. Na ga ya kamata a sanar da uwa kafin kowa, na je da kaina. Na same ta tana shiƙa a bayan gida.

Na ce, "An karɓi yarinyar. Litinin za ta fara."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da shiƙarta.

Na tsaya ina jira. Kwana huɗu na yi ina yawo a kan maganar nan. Na ce, "Ba ki da abin cewa?"

"Allah ya saka wa ƙungiya da alheri."

Na juya na kama hanya raina a ɓace. Na kai bakin darni ke nan na ji ta ce, "Malam."

"Na'am."

Ba ta dube ni ba, ƙwaryar tana sama, ƙaiƙayi yana tashi. "Wai yaran nan masu zuwa Minjibir, ƙarfe nawa motarsu take wucewa ta bakin titi?"

"Bakwai saura kwata."

"Ba wani abu ba ne. Gyaɗata ce a wajen, nakan bi da safe."

Gonar gyaɗarta a gabas take, titi kuwa yana yamma da gari. Na san haka, domin gonarmu kunya ɗaya ce ta raba. Na maimaita mata cewa bakwai saura kwata ne, kuma direban ba ya jiran kowa.